Bawul ɗin zuciya na dashe da haɗarin gudan jini: abin da ya kamata a sani kafin aiki da bayansa

A gidanmu da ke Agege, idan dare ya raba aka kashe janareta unguwa ta yi tsit, akwai wata 'yar ƙara da muka saba ji, ƙis, ƙis, ƙis, kamar ta agogon hannu. Daga ƙirjin ƙanwata take fitowa. Shekara shida ke nan da aka cire mata bawul ɗin zuciyarta da ya lalace aka sa mata na ƙarfe, tana da shekara 23 a lokacin.

Bara ta tafi gida Arewa biki da niyyar yin mako biyu, sai rasuwa ta faɗo a dangi, ta ƙare da yin mako bakwai. Maganin tsinka jini da take sha kullum ya ƙare a mako na huɗu. An duba kemis-kemis ɗin garin babu, su kuma manya suka ce ai ga ta nan garau, ta warke, idan ta koma Legas ta ci gaba. Ranar da ta dawo ko matakalar bene ta kasa hawa sai da ta huta sau biyu. Da daddare matata ce ta fara lura cewa ƙarar nan ta dushe, sai ka kai kunne kusa kafin ka ji. Washegari a asibiti hoton zuciya ya nuna gudan jini ya riƙe ɓangare ɗaya na bawul ɗin, ba ya buɗewa sosai. Kwana tara ta yi a kwance ana yi mata ƙarin ruwa mai narkar da gudan. Allah ya sa da sauran kwana.

Tun daga nan na zama mai yawan tambayar likitocinta da karance-karance a kan lamarin. Abin da na tara ne na kawo a nan, saboda a zangunanmu na Kudu ba a rasa gidan da ake haɗa kuɗin aikin zuciya, amma da wuya ka ji ana maganar abin da ke biyo bayan aikin.

Mene ne bawul, kuma me ke lalata shi?

Zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu masu buɗewa ta gefe ɗaya, jini ya wuce su rufe kada ya dawo baya. Su ake kira bawul, kamar dai yadda makanikai ke kiran na inji. Biyu da suka fi samun matsala suna ɓangaren hagu: na mitiral, wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, da na ayota, wanda ke bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga dukkan jiki.

A ƙasashen Turai tsufa ne ya fi lalata bawul. A wajenmu kuwa matasa ne suka fi shiga ciki, kuma yawanci daga ciwon maƙogwaro na yarinta ake farawa. Akwai wata ƙwayar cuta da idan ta kama maƙogwaron yaro ba a yi maganinta da kyau ba, garkuwar jikinsa kan juyo ta far wa zuciyarsa. Shi ne zazzaɓin rumatik. A hankali bawul ɗin ya yi tauri ya ƙuntace, ko ya riƙa yoyo, kuma na mitiral ya fi kamuwa. Idan lalacewar ta yi nisa sai a gyara shi, in bai gyaru ba a sauya.

Me ya sa jini ke curewa a kan bawul na dashe?

Jini an halicce shi ne ya daskare idan ya taɓa abin da ba bangon jijiya ba, da haka rauni ke daina zubar da jini. To idan ya ci karo da baƙon abu a cikin zuciya, sai ya ɗauka rauni ne, ya fara taruwa a kai. Ƙari a kan haka, a lungun da ƙyauren bawul ke juyawa jini yakan yi jinkiri, kuma jinin da ba ya gudu ya fi saurin curewa.

Gudan yana ɓarna ta hanya biyu. Ko ya zauna a kan bawul ɗin ya hana shi buɗewa da rufewa, irin abin da ya sami ƙanwata. Ko kuma wani yanki ya ɓalle ya bi jini, ya je ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko ya toshe ta ƙafa, ta hanji, ko ta ƙoda.

Bawul na ƙarfe

Muna ce masa na ƙarfe ne a baki, amma na zamani yawancinsa da wani nau'in kabon mai tsananin ƙwari ake yin sa. Kyansa shi ne ƙarko: yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa bai lalace ba. Sharaɗinsa shi ne shan maganin tsinka jini mai suna warfarin kullum, har abada, babu hutu.

Iri uku ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne mai ƙwallo a cikin keji, Starr-Edwards, wanda aka fara dasawa a Amurka a 1960. Ya ceci rayuka da yawa, amma shi ya fi kowane jawo gudan jini, kuma an daina ƙera shi a 2007, sai dai har yanzu akwai masu ɗauke da shi. Na biyu mai faifai ɗaya ne da ke karkatawa, irin su Björk-Shiley na 1969 da Medtronic-Hall na 1977. Na uku shi ne mai ƙyaure biyu, wanda kamfanin St. Jude Medical ya fito da shi a 1977. Jini ya fi wucewa ta cikinsa salin alin, haɗarinsa ya fi ƙanƙanta, kuma shi ake sa wa kusan kowa a yau.

Ga alƙaluman da suka fi tsaya mini a rai. A 1994 masana a ƙasar Holan sun tattara bayanan mutum sama da 13,000 masu bawul na ƙarfe. Sun gano cewa idan ba a shan kowane magani, kusan mutum 4 cikin 100 ne gudan jini ke yi wa babbar illa a kowace shekara. Masu shan irin su asfirin kawai, kusan 2 cikin 100. Masu shan warfarin da danginsa, kusan 1 cikin 100. A lura, wannan lissafin na shekara ɗaya ne, kuma kowace shekara yana sabuntuwa. Matashin da aka yi wa aiki yana da shekara 25 yana da shekaru masu yawa a gabansa da zai yi ta tsallake wannan siraɗi.

Wurin da aka sa bawul ɗin ma yana da tasiri. A nazarin nan, na mitiral ya kusa ninka na ayota haɗari, domin jini ya fi tafiya a hankali a wurin, kuma sau da yawa ɗakin saman ya riga ya buɗe ya yi girma. A ɓangaren dama na zuciya kuwa gudun jini ya fi rauni, shi ya sa likitoci ba su cika son sa na ƙarfe a can ba. Wasu abubuwan da ke ƙara haɗarin su ne rikicewar bugun zuciya da ake rubutawa AF a kati, raunin tsokar zuciya, taɓa samun gudan jini a baya, da sauya bawul biyu a lokaci guda.

Bawul na jikin dabba

Wannan ana yin sa ne daga bawul ɗin zuciyar alade ko daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya, bayan an sarrafa shi da sinadari ta yadda jiki ba zai ƙi shi ba. Likitan Faransa Alain Carpentier na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya a ƙarshen shekarun 1960. Ba ya ƙara, kuma jini bai cika curewa a kansa ba. Wata ukun farko ne suka fi haɗari, kafin naman jiki ya rufe zoben ɗinkin, don haka akan ba da warfarin na wata uku zuwa shida, ko asfirin, gwargwadon wurin da aka sa shi. Bayan nan da yawa ƙaramin asfirin kaɗai suke sha. Amma wanda ke da AF zai ci gaba da maganin tsinka jini ko da na dabba aka sa masa.

Aibinsa shi ne yana tsufa. Yakan yi shekara 10 zuwa 20 a jikin dattijo, a jikin matashi kuwa ya fi saurin yin tauri ya lalace, wani lokaci kafin shekara goma. Ma'ana a sake buɗe ƙirji, a sake neman kuɗi, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Kuma kada a ce ba ya kama gudan jini sam. Yana iya kamawa ko bayan shekaru, sai dai sau da yawa warfarin na narkar da shi ba sai an yi tiyata ba.

Na san tambayar da ke ran mai karatu game da alade. Na saniya yana nan kuma ana amfani da shi sosai, mutum na iya gaya wa likita tun farko cewa shi yake so. Inda kuma babu zaɓi, malamai da dama sun sanya abin a babin larura. Kowa ya tuntuɓi malaminsa tun kafin ranar aiki.

Akwai kuma wanda ake zurawa ta jijiyar cinya ba tare da an buɗe ƙirji ba, ana kiran aikin TAVI. An fara yin sa a birnin Ruwan na Faransa a 2002. Shi ma na jikin dabba ne, kuma an fi yi wa tsofaffi masu ƙuntataccen bawul ɗin ayota. Yawanci asfirin ake ba su, sai idan hoto ya nuna jini ya fara kwanciya a kan ganyen bawul ɗin.

Idan bawul ɗin mutum na asali zai gyaru, ko a faɗaɗa shi da balan-balan ta jijiya, wannan ya fi duka ta fuskar gudan jini. Yana da kyau a tambayi likita ko hakan zai yiwu.

Wanne ya fi dacewa da wa?

Ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2020 ta karkata ga na ƙarfe ga wanda bai kai shekara 50 ba, na dabba ga wanda ya haura 65, tsakanin nan kuma a zauna da mara lafiya a duba halinsa. Sai dai an gina wannan ne a kan cewa magani da gwaji suna kusa. Mu kuma dole mu ƙara tambayoyinmu. Direban tirela da ke kwana a hanya tsakanin Apapa da Kano, zai iya zuwa gwaji kowane wata? Ɗan acaɓa ko mahauci a Oko-Oba, da faɗuwa da yanka ba baƙinsu ba ne, yaya zai yi da jini mai wuyar tsayawa? Yarinyar da za a aurar a mai da ita ƙauye, akwai ɗakin gwaji kusa da ita? A gefe guda kuma, idan aka zaɓi na dabba, akwai ƙarfin sake aiki nan da shekara goma? Tun ran gini ran zane. Mu ba mu yi waɗannan tambayoyi ba, hankalinmu duk yana kan kuɗin aiki.

Warfarin da gwajin INR

Za ka ji ana cewa maganin ɓera ne. Gaskiya ne da haka ya fara a 1948, kafin a amince da shi ga mutane a 1954, kuma tun daga lokacin miliyoyin mutane ke rayuwa da shi. Wuyarsa ita ce awo: idan ya yi kaɗan jini ya cure, idan ya yi yawa jini ya ɓalle. Kuma adadin da ya dace da wani ba shi ya dace da wani ba.

Gwajin INR ne ke nuna inda aka tsaya. Mai lafiya da ba ya shan magani nasa kusan 1 ne. Mai bawul na ƙarfe na zamani a ayota yawanci ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Mai na mitiral, ko mai tsohon samfuri, tsakanin 2.5 da 3.5. Ranar da muka kai ƙanwata nata 1.2 ne. Akwai samfurin On-X da hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a 2015 a sauko da awonsa zuwa 1.5 zuwa 2 tare da asfirin, amma a ayota kawai, bayan wata uku da aiki, kuma bisa umarnin likita. Da farko ana gwaji akai-akai, idan ya daidaita sai a koma kamar sau ɗaya a wata.

Wata magana mai muhimmanci: akwai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa bukatar gwaji, irin su dabigatran, rivaroxaban da apixaban. Suna da amfani ga wasu cututtuka, amma ba a ba mai bawul na ƙarfe. An gwada dabigatran, aka tsayar da binciken kafin lokaci saboda shanyewar jiki da zubar jini sun ƙaru, aka wallafa sakamakon a 2013. An gwada apixaban a kan masu On-X, shi ma aka tsayar a 2022 saboda gudan jini ya fi yawa. Duk wanda ya ce maka ga na zamani ya fi sauƙi ka sauya, ko ɗan'uwa ne ya aiko daga waje, kada ka karɓa.

Abubuwan da ke birkita awon

Ganyaye. Alayyahu, zogale, kabeji, ugu da ewedu duk suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai gwargwado kamar yadda aka saba. Matsalar ita ce sauyi kwatsam, kamar wanda ya je gida da damina ya shiga cin kwaɗon zogale safe da yamma.

Magungunan kemis. Flagyl, Septrin da fluconazole suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Rifampicin na cikin maganin tarin fuka yana karya ƙarfinsa sosai. Ibuprofen da diclofenac, da haɗe-haɗen maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, suna jawo zubar jini a ciki. Don ciwon kai farasitamol ya fi aminci, shi ma ba a wuce ƙa'ida.

Jiƙe-jiƙe. Agbo, tsimi da sauran sassaƙe ba a san awon abin da ke cikinsu ba. A bar su.

Rashin lafiya. Zazzaɓi, gudawa, amai ko ƙin cin abinci na kwanaki na iya ɗaga INR. A je gwaji ko lokacinsa bai yi ba.

Aikin wanzami. Ƙaho, sakiya da tsaga ba na mai shan warfarin ba ne. Cire haƙori ko wata tiyata kuwa, a sanar da likita tun da wuri ya tsara. Kada mutum ya dakatar da magani da kansa.

Ƙwayar kanta tana zuwa da ƙarfi daban-daban, kamar 1, 3 ko 5, kuma launi na iya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A duba lamba, kada a dogara da launi. Sau ɗaya ake sha a rana, a lokaci guda, yawanci da yamma, shi ya sa azumi bai cika hana shan sa ba, amma a yi gwaji kafin watan da cikinsa tunda abinci na sauyawa. Idan an manta aka tuna a ranar, a sha. Idan sai washegari aka tuna, kada a haɗa biyu.

Mata da juna biyu

Nan ne abin ya fi tsauri. Ciki yana sa jini ya fi saurin curewa, ga shi warfarin na ratsawa ya kai ga jariri, kuma yana iya yi masa illa musamman tsakanin mako na 6 da na 12. Allurar heparin ba ta ratsawa, amma idan ba a auna ta da kyau ba uwar ce ke shiga haɗari. Likita ne ke zaɓa bisa adadin warfarin da mace ke sha, kuma dab da haihuwa akan koma heparin. Saboda haka mai bawul na ƙarfe ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki, ta haihu a babban asibiti. Idan ta ga batan wata kada ta jefar da magani don tsoron jariri, ta je asibiti a ranar. Shayarwa kuwa ba ta hana shan warfarin. Wannan batu na haihuwa ne ke sa wasu matasan mata zaɓar na dabba, sun san za a sake aiki nan gaba. Iyaye kuma su gaya wa mai neman aure gaskiya tun farko, don shi zai riƙa kai ta gwaji.

Alamomin da ba a kwana da su

Na gudan jini: numfashi ya fara wuya ko kasa kwanciya sai a zaune, ƙarar bawul ta dushe ko ta sauya, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke ko da na minti biyu ne ya dawo, ƙafa ta yi sanyi da ciwo farat ɗaya. Na yawan magani: haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida kamar kwalta, jan fitsari, al'ada mai yawa fiye da kima, matsanancin ciwon kai, musamman bayan an buge kai. Ko wanne aka gani, asibiti kai tsaye, kuma kalmar farko a gaya musu akwai bawul na dashe. Zazzaɓin da ya ƙi sauka ma kada a yi ta bin sa da maganin maleriya, domin ƙwayar cuta na iya kama bawul ɗin.

Bayan an dawo daga aiki

Tun 1974 aka fara aikin buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, kuma yanzu ana yi a Legas da wasu wurare. Da yawa daga cikinmu dai Indiya suke zuwa, wasu kuma sun je cibiyar Salam ta Khartum da aka buɗe a 2007. Ko ina aka yi, kada a baro wurin sai da takarda mai ɗauke da sunan bawul, wurin da aka sa shi, da awon INR da ake so. Da an dawo a buɗe kati a sashen zuciya mafi kusa, ko LUTH a Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko UCH a Ibadan, ko asibitocin koyarwa na Benin, Inugu da Fatakwal.

A gidanmu yanzu akwai ƙaramin littafi da ake rubuta kwanan wata, sakamakon gwaji da adadin ƙwaya. Idan ƙanwata za ta tafi gida na mako biyu, maganin wata biyu take ɗauka, a jakar hannu, kuma mun riga mun san ɗakin gwajin da ya fi kusa da garinmu. Na kuma zauna da su Baba na yi musu bayani cewa lafiyar da suke gani a jikinta maganin ne ke riƙe da ita.

Ina roƙon sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na zango, idan an tashi gidauniyar aikin zuciya, a ware wani abu na magani da gwaji na shekarar farko aƙalla. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.